Naman da Ba a Hudawa a Kan Wuta

Sunansa na yanka Rushdien Salie, amma a Kigamboni, unguwar da ke ƙetaren ruwa daga cikin garin Dar es Salaam, babu mai wahalar da bakinsa da wannan suna. Da yana matashi Kepu ake ce masa, saboda daga Cape Town ya fito. Da furfura ta zo aka ƙara masa girma, ya zama Mzee Kepu, wato Dattijo Kepu. Dogo ne, fari-fari, mai ƙashi, kunnensa na hagu ya mutu tun yana aikin inji. Bai yi wani abin a zo a gani ba a rayuwarsa. Ya gyara injinan ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa ta Dar es Salaam har ƙarfinsa ya ƙare, ya auri mace ɗaya, Mwajabu, ya haifi 'ya ɗaya, Zuhura, bai taɓa kai kowa ƙara ba. Abin da aka san shi da shi, har ya zama abin tsokana a unguwa, shi ne neman soseji.

Yana saurayi ya zo, a cikin wani jirgin ruwa na Girkawa inda yake shafa wa injuna mai. Zazzaɓi ya kwantar da shi, aka sauke shi asibiti, jirgin ya yi gaba da akwatinsa. Da ya warke sai ya tarar komawa gida ba ta da sauƙi. A wancan zamani duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya koma can, gwamnatin Turawan ƙasarsu kallon ɗan tawaye take yi masa. Ya ce bari ya jira abubuwa su lafa. Yana jira ya sami aiki, yana jira ya koyi Suwahili, yana jira ya ga Mwajabu tana sayar da shayi da wainar shinkafa a ƙofar tasha. Kafin hanya ta buɗe mahaifiyarsa ta rasu, unguwar da aka haife shi kuma an bi ta da katafila, an kwashe mutanen an watsa su a bayan gari cikin rairayi. Sai ya koma cewa baɗi. Baɗi ta yi ta zuwa tana wucewa.

In ban da fatarsa da yadda yake tauna wasu kalmomi, ba ka ce baƙo ne ba. Yana cin tuwon masara da kifi da hannu, yana ɗaura zani a gida kamar kowane magidanci na bakin teku, yana zuwa jana'izar kowa. Duk abin da Mwajabu ta ajiye a gabansa sai ya cinye ya yi godiya. Ba ya zancen uwarsa, ba ya zancen gidan da aka rushe. Idan kewa ta taso masa, a kan nama take sauka. Da yamma a dakalin masallaci, ana hirar ƙwallo ko tsadar kifi, sai ka ji ya gyara murya, tsofaffi su fara kallon juna.

"Ku ba ku san soseji ba," in ji shi. "Wannan jan abin da kuke ci da soyayyen dankali, yatsan roba ne. A garinmu wors muke ce masa. Naman shanu da kitsen wutsiyar rago, a ɗura a hanji mai tsawo, a naɗe shi kamar gammo, a ɗora a garwashi ɗungurungum. In ka gatsa sai ya ce ƙas."

"Mzee Kepu, hanji dai hanji ne," wani zai ce. "Mun san abin da ke bi ta cikinsa."

"Kai ma mun san abin da ke bi ta naka, amma ga shi muna zaune da kai."

Ya nema, ba wai bai nema ba. Lokacin da yake da ƙarfi, ranar da ba aiki sai ya hau jirgin fito ya ƙetara cikin gari. Ya je wani babban otal ya zauna cikin Turawa da rigar Juma'arsa, aka kawo masa wasu ƙanana a faranti, ya tambaya naman mene ne, da ya ji amsa ya shanye shayinsa ya fito. Wani mahauci Ba'indiye a kasuwar Kariakoo ya rantse zai yi masa irin na garinsu, ya cika shi da barkono har Mzee ya wuni yana zarya bayan gida. Wani direban babbar mota ɗan Kenya ya kai shi inda 'yan garinsu ke gasa nasu. Ƙamshin ya yi kusa, har ya miƙa hannu, sai ya ga da jini ake haɗa shi. Da aka buɗe wani katafaren kanti mai kayan ƙasarsu, ya tsaya gaban firji yana kallon abin a naɗe, da sunansa na gaskiya a jikin leda. Ya sa tabarau ya karanta ƙananan rubutun, ya tarar akwai alade. Sau ɗaya wani ma'aikacin jirgi ya ɗauko masa na halal tun daga Durban, can ƙasarsu, firjin jirgin ya mutu a hanya. Mzee ya buɗe ledar a tsakar gida, Mwajabu ta toshe hanci ta ce ko dai shi ko ledar, ɗaya ya bar mata gida. Ya binne abin a gindin mangwaro, ya daɗe a tsaye a wurin da shebur a hannu.

Da ya bar aiki sai ya koma neman abin a cikin barci. Bayan Azahar yakan fito da gadon igiya ƙarƙashin mangwaron, ya kwanta ya danne kunnen da ke ji da matashi, ya bar mataccen a sama. Duniya sai ta yi tsit. Babu babura, babu rediyon maƙwabta, babu muryar Mwajabu. Daga nan titin garinsu yake zuwa, mai gangara, duwatsun da aka shimfiɗa masa suna sheƙi. Farin gajimare yana malalowa daga kan babban dutsen da ke saman garin kamar madarar da ta tafasa ta zubo, amma ba ya taɓa isowa ƙasa. Iska tana ɗaga shanya. A tsakar gidansu kawunsa ya cika rabin duro da garwashi, mata suna zaune a matakala suna ɓare albasa, naman yana tsakiya yana tsattsafo da mai a hankali. Da can yana ganin kowa sarai. Daga baya fuskokin suka fara dusashewa ɗaya bayan ɗaya, kamar rini a zanen da ya sha wanki. Kawun ya koma hannuwa kawai. Uwarsa ta koma ɗankwali. Naman ne kaɗai bai dusashe ba, kullum yana nan a naɗe yana ƙyalli.

Ya haura saba'in lokacin da waya ta zo daga Faried, ɗan ƙanwarsa Galiema. Galiema ta rasu, kuma kafin ta cika ta sa ɗan nata ya yi alkawarin zai dawo da yayanta gida. Faried yana da gidan kansa, da ɗaki a baya wanda babu kowa a ciki.

"Kawu, ka zo ka ƙarasa a cikinmu," ya ce. "Kai da Anti. Zan riƙe ɗakin har bayan Babbar Sallah. In ba ka zo ba zan sa ɗan haya, matata ta dame ni."

Mzee ya yi kwanaki yana yawo da maganar a ciki. Ran da ya fito da ita, Mwajabu tana zaune tana kankare kwakwa. Gajeriya ce mai jiki, gwiwoyinta sun gaji da ɗaukarta, bakinta kuwa bai taɓa gajiya ba. Ta saurare shi har ya gama, hannunta bai tsaya ba.

"Ni ba inda za ni, Baban Zuhura," ta ce. "Da gwiwoyin nan zan je garin da kai da bakinka ka ce iska tana kayar da mutum a titi? Uwata tana kwance a bayan masallacin can, jikokina suna nan. Kai in tafiya za ka yi, ga hanya. Ban ɗaure ka ba lokacin da kake da kyau, balle yanzu."

"Maman Zuhura, ba cewa na yi zan bar ki ba."

"To me ka ce? Kai kana son can, ni ina nan. Ai ba sai an kira malami ya fassara ba." Ta juya ɓarin kwakwar. "Gaya mini, me ke can wanda babu a nan?"

Abubuwa da yawa suka taso masa: dutsen, kabarin uwarsa da bai taɓa gani ba, harshen da ya daɗe bai yi faɗa da shi ba. Babu wanda ya yarda ya fito. Abin da bakinsa ya saba da shi, shi ya faɗo.

"Wors."

"Hanjin nan dai? Nama ne ko ba nama ba ne? Wuta ke dafa shi ko aljanu? In na yi maka shi fa?"

Ya yi dariya. "In kin yi shi daidai, me zan je nema?"

Shi da wasa ya faɗa. Ita kuwa ta ajiye kwakwar, ta goge hannu a zani, ta ce, "Allah ya ji ka."

Washegari ta aro injin niƙan nama irin na juyawa da hannu, ta zaunar da shi ta ce ya faɗi yadda ake yi. A nan asirinsa ya tonu. Mutumin da ya tsufa yana wa'azin wors a dakalin masallaci bai taɓa ganin yadda ake haɗa shi ba. A garinsu wurin mahauci ake sayowa a ƙunshe cikin takarda. Abin da maza suka sani shi ne wuta, kuma wannan kam ya sani. A bar garwashi ya yi furfura, a ɗora naɗin gaba ɗayansa, a juya shi sau ɗaya, kuma ko da wasa kada ƙarfe mai tsini ya taɓa shi. Hanjin shi ne tukunyar. In aka huda, romo da kitse su tsiyaye a wuta, abin da ya saura ƙaiƙayi ne. Sai an sauke an bar shi ya huta ake yankawa.

"Wato ka san yadda ake ƙona shi, ba ka san yadda ake yin sa ba," ta ce. "Namiji ke nan."

Na farko sun niƙa shi ya yi laushi, ya fito kamar tuwo a cikin safa. Na gaba da hanjin akuya suka yi, yana jin wuta ya fashe. Wanda ya biyo baya ya yi kyau a ido, Mzee ya gatsa ya ji tafarnuwa da citta da kirfa.

"Wannan ai shinkafar biki kika ɗura a hanji."

"Hannuna ne ya zuba, ba ni ba. Wa ya taɓa dafa nama babu tafarnuwa in ba mahaukaci ba?"

Haka suka yi ta yi, duk Asabar. Ta sa mahaucin unguwa yana ajiye mata hanji mai kauri da kitsen wutsiya. Tana wanke hanjin da gishiri da lemun tsami, ta juyo cikinsa waje ta sake wankewa. Kitsen suka gane ba a niƙa shi, da wuƙa ake yanka shi ƙanana kamar ƙwayar masara. Ruwan khal mai tsamin nan kaɗan, masoro, kanumfari. Ya tuna ana sa 'ya'yan giligilani, ƙananan ƙwayoyin nan da ake dakawa a miya, suka daka suka zuba, amma ƙamshin bai zo ba. Yana jin sa a can bayan hanci, ya rasa yadda zai kwatanta mata.

Wata rana yana kwance a gadon igiyarsa, ta zuba ƙwayoyin a kasko don su bushe, saboda damina ta sa sun yi sanyi. Maƙwabciya ta kira ta ta kan katanga, hira ta yi daɗi, ƙwayoyin suka soma ƙuna. Hayaƙin ya ratsa tsakar gida ya shiga cikin barcinsa. A mafarkin kawunsa ya ɗago kai, da fuskarsa cikakkiya, har da giɓin haƙorinsa, ya yi masa alama da hannu ya matso. Mzee ya tashi zaune, ya tako babu takalmi har bakin murhu, ya sunkuya a kan kaskon ido rufe.

"Kada ki zubar," ya ce. "Shi ne wannan. Ashe sai an babbaka shi."

Tun suna ango da amarya ba su taɓa wuni kusa da juna kamar a waɗannan Asabar ɗin ba. Shi yana riƙe da hanjin a bakin mazurari, ita tana tura naman da babban yatsa, hanjin yana cika yana zamewa cikin tire kamar wani abu mai rai. Suna yi suna faɗa. Labarin ya kai dakalin masallaci, tsofaffi suka sami abin yi.

"Mzee Kepu, an ce yanzu kai ne mai riƙe wa Maman Zuhura hanji. In ka iya, matata ma tana neman ɗan aiki."

"Matarka ɗan aiki take da shi tun ranar da ta aure ka."

A gida Mwajabu ba ta taɓa tayar da zancen Faried ba. Amma ta fito da tsohuwar rigar sanyinsa ta jirgin ruwa, ta wanke, ta ninke, ta ajiye a saman akwati inda zai gani duk lokacin da ya shiga ɗaki.

Babbar Sallah ta zo. Da naman layya suka yi na ƙarshe, washegarin Sallah, kuma tun a tire ya san wannan daban ne. Ya naɗu babu ƙulli babu iska, kitsen yana leƙowa fari-fari ta cikin hanjin. Mwajabu ta gayyaci dangi, don a cewarta in za a yanke hukunci a yanke shi a gaban shaidu. Mzee da kansa ya hura gawayi a rabin duro, ya zauna yana gadi yana jira ya yi furfura. Ana haka aka kira La'asar. Ya rufe tiren, ya leƙa ɗakin da mata ke ta surutu ya ce kada kowa ya taɓa, ya tafi masallaci.

Fitarsa ke da wuya Shomari ya iso. Shomari ƙanen Mwajabu ne, yana da rumfar gashin nama a bakin fito, kuma a duk Kigamboni babu mai cewa ya fi shi iya wuta. Bai ji gargaɗin ba. Ya ga garwashi ya nuna yana cin kansa a banza, ya ga nama a rufe, ya ga babu namiji a wurin. A wajensa abin kunya ne dattijo kamar mijin yayarsa ya tsaya kan wuta alhali shi yana raye. Ya naɗe hannun riga. Ya yi wa naman abin da yake yi wa kowane nama mai kauri, ya bi shi da cokali mai yatsu yana caccakawa don wuta ta shiga ciki, kada baƙi su ci ɗanye. Kitse ya zubo, wuta ta tashi, ya ji daɗi. Ya juya, ya sake juyawa. Da ya ga ya yi duhu yadda masu sayen namansa ke so, ya ɗora a katako ya daddatsa shi loma-loma, ya tara gishiri da barkono a gefe.

Mzee ya hango hayaƙin tun daga kwanar masallaci. Yana shigowa Shomari ya tarye shi da katakon a hannu biyu yana washe baki, don babba ake fara miƙa wa.

"Shemeji, mijin yayata, zauna ka ci, na hutar da kai. Amma gaskiya abin nan naku ruwa ne a cikinsa kamar kankana. Da ƙyar na tsiyaye shi."

Mzee ya dubi katakon. Baƙaƙen guntaye ne, sun yamutse, hanjin ya tattare ya bar naman yana wargajewa. Mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ya buɗe baki, abin da ya fito ba Suwahili ba ne. Harshen garinsu ne, mai kaushi, daga can maƙogwaro, yana ta zubowa babu tsayawa. Mata suka fito ƙofa. Zuhura, 'yar da ya haifa, ta tsaya da jariri a kafaɗa tana kallon ubanta kamar baƙo.

"Yaya, me yake cewa?" in ji Shomari. "Zagina yake yi ko addu'a?"

"Ka huda?" Mwajabu ta tambaya a hankali.

"To da fa? In ba shi ɗanye cikinsa ya ɓaci ku ce ni ne? Ni fa girmama shi na yi."

Ta zauna a bakin ƙofa, a ƙasa, da sabon zanen Sallarta. "Shomari," ta ce, "tun kana goye, abin da ba a sa ka ba shi ka fi iyawa."

Mzee ya juya ya fita. Ya bi ta cikin itatuwan kwakwa har bakin teku, ya zauna a kan wani kwale-kwale da aka kife. Ruwa ya janye ya bar laka tana ƙyalli. Can nesa manyan jirage sun yi layi suna jiran a ba su hanya, ba sa motsi, kamar an zana su. Ya ce a ransa shi ke nan, magana ta warware kanta. An ce a yi daidai, ba a yi ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ɗaki yana jira.

Ya rufe ido ya sa kansa a hanya a zuci. Ya sauka, ga dutsen, ga gajimaren. Faried, wanda a hoto kawai ya san shi, ya kai shi ɗakin baya. An hura wuta saboda shi, an ɗora na gaskiya, na mahaucin garinsu, babu mai hudawa. An yanko an miƙo masa. Ya waiga yana neman wadda zai ce wa, kin ga abin da nake gaya miki, bai ga kowa ba sai matasa masu fuskar Galiema suna kallon wayoyinsu. Ya gatsa. Ya nemi ɗanɗanon da ya yi rayuwarsa yana riƙo, ya laluba, ya sake lalubawa. Abin da ya zo bakinsa na Mwajabu ne, mai tafarnuwa, da wanda ya fashe, da mai kama da tuwo. Sun hau kan tsohon sun zauna. Ya ɗaga su ya leƙa ƙarƙashi, bai tarar da komai ba. Yaushe abin ya tafi, bai sani ba. Wataƙila a watannin nan ne, wataƙila tun kafin a haifi Zuhura. Abin ya zo masa kamar wanda ya kai ƙafa matakala ya ji babu.

Rana ta yi ja kafin ya koma. Baƙi sun cinye abin da Shomari ya yanka, sun yaba, sun watse. Shomari ya zame tun kafin a kore shi. Mwajabu tana zaune a gaban duron tana fifita ragowar garwashin da murfin tukunya. A cinyarta akwai ƙaramin kwano.

"Wanda ya rage a mazurari ne," ta ce, ba ta dube shi ba. "Na ɗaure shi daban don in ɗanɗana gishiri, ban sami sarari ba. Bai kai a naɗe ba."

Tsawonsa bai fi tafin hannu ba. Mzee ya ɗauka, ya shimfiɗa hannu a saman garwashin ya ji zafinsa, ya ɗora. Suka zauna suna kallo. Hanjin ya ɗame, ya kumbura, ya yi ja, romon yana motsi a ciki ana gani. Ya juya shi da yatsu sau ɗaya. Ya sauke, ya bar shi ya huta, ya raba biyu ya miƙa mata rabi. Ta riƙe nata ba ta ci ba.

Ya daɗe yana taunawa. Yana da daɗi, wannan babu shakka. Ko shi ne ko ba shi ba ne, babu wanda ya rage a duniya da zai iya gaya masa, har shi kansa. In ya ce shi ne ya yi ƙarya, kuma aiki ya ƙare, ta mayar da injin, shi ya koma gadon igiya. In ya ce ba shi ba ne, sai rigar sanyi.

"To?" ta ce. "Shi ne?"

"Kanumfari ya yi yawa."

Ta ɗago ta dube shi, kallo mai tsawo, irin wanda take yi wa kifi kafin ta saya.

"Da yawa sosai?"

"Kaɗan. Abin da za a iya gyarawa ne."

"Za a iya gyarawa," ta maimaita. Sai a lokacin ta kai nata baki. "To ranar Asabar ka tashi da wuri. Kai za ka je wurin mahauci, gwiwata ba za ta iya ba."

Da Faried ya sake kira, Mzee ya kara wayar a kunnen da ke ji ya ce, "Sa ɗan hayarka, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ina tsakiyar wani aiki ne, ban gama ba."

Bai gama ba kuwa. Ya ƙara shekaru a duniya, kuma kusan duk Asabar ana hura wuta a gidan. Wani makon gishiri ya gaza, wani makon khal ya fito fili, wani makon kitsen ya yi girma. Mwajabu mace ce da ta ciyar da ma'aikatan tasha rabin rayuwarta, ba ta taɓa kuskuren gishiri sau biyu a jere ba. Amma a wannan abu ɗaya hannunta ya ƙi daidaituwa, shi ma bakinsa bai taɓa rasa abin cewa ba. Shomari an yafe masa, sai dai nesa da wuta yake zama, ana miƙa masa nasa a faranti kamar baƙo.

Mzee Kepu ya rasu cikin damina bayan gajeriyar jinya, aka binne shi a Kigamboni. Da aka share makoki, mahauci ya aiko yana tambaya ko a ci gaba da ajiye hanjin. Mwajabu ta ce a bari. Ta ce ita dama ba ta taɓa son abin ba, kitsen yana tsaya mata a wuya.